Digiri, Aiki da Nisan Hanya: Lissafin da Ya Kamata Ɗalibin Ƙasar Gumel Ya Yi

Gabatarwa

Duk shekara, da zarar an kammala jarrabawar fita sakandare, akwai wata tambaya da kan zagaya zauruka a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar: shin yaro ya wuce jami'a ne, ko kuwa ya kama kasuwa ko gona tun da wuri? Masu goyon bayan karatu sukan yi nuni da likitoci da malamai da manyan ma'aikatan da masarautar ta haifa. Masu shakka kuwa sukan nuna matashin da ya daɗe da gama bautar ƙasa amma har yau haya yake yi da babur, alhali tsaransa da ya bi mahaifinsa kasuwar dabbobi ya yi aure ya gina gida. Kowane ɓangare yana da abin da ya gani da idonsa, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa.

Wannan maƙala za ta duba tambayar da ma'aunin ilmin tattalin arziki da na sufuri. Abin da za ta nuna shi ne, digiri yana ƙara wa mutum samu idan ya sami aikin da ya dace da shi, amma samun aikin ya danganta da fannin da aka karanta, da wurin da aikin yake, da kuma abin da zuwa wurin ke ci na lokaci da kuɗi.

Ƙasar da ayyukanta

Ƙananan hukumomin nan huɗu su ne suka haɗu suka yi masarautar Gumel, a arewacin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Ƙidayar 2006 ta ba su jimillar mutane kusan rabin miliyan. Ƙasa ce mai jigawa da gajeriyar damina, inda ake noma gero da dawa da wake da gyaɗa, sannan riɗi da zoɓo don sayarwa. Maigatari tana bakin iyakar Nijar, kuma kasuwarta ta ranar Alhamis tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa. Gagarawa tana kan layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, aka riƙa kwasar gyaɗa da shi. Gumel kuwa ita ce mazaunin sarki, kuma a nan ne babban asibiti yake, da Kwalejin Ilmi wadda ta faro a matsayin babbar kwalejin horon malamai tun shekarun 1970.

Daga wannan bayani mai karatu zai lura da abu guda. Ayyukan da ake neman takardar makaranta kafin a ba da su ba su da yawa a yankin: koyarwa, aikin lafiya, sakatariyar ƙaramar hukuma, banki, da ma'aikatan iyaka irin su kwastan da shige-da-fice. Yawancinsu ma gwamnati ce ke biyan albashinsu. Sauran jama'a, waɗanda su ne mafi rinjaye, suna cin abinci ne ta noma da kiwo da fatauci da sana'ar hannu.

Yadda yini ke tafiya

Manomi da damina yakan fita bayan sallar asuba, ya isa gona da ƙafa ko keke ko amalanke, ya yi aiki har rana ta take, wani lokaci ya koma da la'asar. Aikinsa yana bin ruwan sama, domin haka watanni huɗu ko biyar ne na tsananin aiki, sauran shekara kuwa sai kiwo da kasuwa ko ci-rani.

Dillalin kara da bafatake su kuma mako suke bi. Tun ranar Laraba dabbobi ke fara isowa Maigatari, ranar Alhamis a wuni ana ciniki, da yamma a loda wa manyan motoci zuwa Kano da kudancin ƙasa. Abin da mutum ya samu na la'ada a yini guda yana iya riƙe gidansa kwana bakwai, yana kuma iya komawa gida hannu wofi.

Ma'aikacin gwamnati shi agogo yake bi, daga Litinin zuwa Juma'a. Malamin da ke zaune a Gumel amma aka tura shi wata makarantar ƙauye a Sule Tankarkar ko Gagarawa, dole ne ya tashi da wuri, ya hau babur ɗinsa ko ya jira mota ta cika a tasha, don ya riski taron safe. Albashinsa yana da tabbas fiye da la'adar dillali, kuma yana da begen fansho. Sai dai akwai wani haraji da yake biya kullum wanda ba a rubuta shi a takardar albashi ba, watau kuɗin hanya da lokacin hanya.

Sa'a ɗaya a kan hanya

A shekarun 1970 wani masanin sufuri mai suna Yacov Zahavi ya lura cewa mazauna birane daban-daban suna kashe kusan lokaci iri ɗaya wajen zirga-zirga a kowace rana. A 1994 wani masanin kimiyyar lissafi ɗan ƙasar Italiya, Cesare Marchetti, ya faɗaɗa wannan bincike, ya nuna cewa tun zamanin tafiyar ƙafa, matsakaicin abin da ɗan Adam ke bai wa hanya a yini bai wuce kimanin sa'a ɗaya ba, watau rabin sa'a zuwa, rabin sa'a dawowa. Idan abin hawa ya ƙara sauri, mutane ba su rage lokacin, sai dai su ƙara nisa.

Wannan ƙa'ida matsakaici ce kawai, akwai masu wuce ta da yawa, amma tana da amfani wajen auna iyakar inda mutum zai iya neman aiki ba tare da ya bar gidansa ba. Mai tafiya da ƙafa yana cin kimanin kilomita 5 a sa'a, saboda haka cikin rabin sa'a zai kai kilomita biyu da rabi. Mai keke zai kai kilomita 6 ko 7. Mai babur da ke tafiyar kilomita 40 a sa'a zai kai kilomita 20. Mota a kan kwalta mai kyau za ta kai 30 zuwa 40.

Idan aka ɗora wannan a kan taswira, aka kafa tsinken a Gumel, za a ga Maigatari da garin Sule Tankarkar suna kusa da iyakar da'irar mai babur, Gagarawa kuwa ta ɗan fi nisa. Amma Dutse, inda ma'aikatun jiha suke, da Kano, inda masana'antu da manyan kamfanoni suke, kowannensu ya wuce kilomita 100. Ke nan wuraren da suka fi ɗaukar masu digiri suna wajen da'irar. Wanda ya sami aiki a can, ko dai ya yi ƙaura da iyalinsa, ko ya kama ɗakin haya ya riƙa zuwa gida ƙarshen mako, watau ya ɗauki nauyin tukunya biyu da albashi ɗaya. An ga irin wannan a shekarun farko na Jihar Jigawa, lokacin da ma'aikata da yawa suka ci gaba da zama Kano suna jeka-ka-dawo zuwa Dutse saboda ƙarancin gidaje. Ga matar aure kuwa, da'irar takan fi ƙanƙanta, shi ya sa samun kwaleji da makarantu da asibiti a cikin gari yake da muhimmanci ƙwarai ga aikin mata.

Abin da hanya ke ci

Lissafi mai sauƙi zai fito da nauyin hanya fili. A ƙaddara malami yana tafiyar kilomita 20 zuwa makaranta, 20 dawowa, a kan babur mai shan lita ɗaya a kilomita 40. Zai sha lita ɗaya a yini, lita 22 a kwanakin aiki na wata. A farkon 2023 farashin gwamnati na litar fetur yana wajen naira 195, ke nan naira 4,290 a wata, watau kashi 14 cikin ɗari na mafi ƙarancin albashi na lokacin, naira 30,000. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya yi ta hawa har ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A kan naira 1,000, lita 22 ta zama naira 22,000, watau kashi 31 cikin ɗari na sabon mafi ƙarancin albashi, naira 70,000, da aka amince da shi a Yuli 2024. Albashi ya ninka fiye da sau biyu, amma kuɗin mai ya ninka sau biyar. Ba a ma sa baƙin mai da taya da gyara a ciki ba.

Garuruwan bakin iyaka suna da ƙarin nasu. A Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, don daƙile fasa-ƙwauri, abin da ya sa mazauna irin waɗannan garuruwa suka riƙa sayen mai da tsada a hannun 'yan bumburutu.

Darasin shi ne, albashi biyu masu adadi ɗaya a takarda ba lallai su zama ɗaya a aljihu ba. Abin da ya kamata a kwatanta shi ne abin da ya rage bayan an cire kuɗin hanya ko na haya.

Me digiri ke ƙarawa?

Masana tattalin arziki suna da bayani iri biyu. Na farko shi ne na Theodore Schultz da Gary Becker na Jami'ar Chicago a Amurka, waɗanda a farkon shekarun 1960 suka ce ilmi jari ne da ake zubawa a jikin mutum. Kamar yadda taki ke ƙara yabanya, haka karatu ke ƙara abin da mutum zai iya yi, saboda haka ake biyan sa fiye. Na biyu shi ne na Michael Spence, wanda a 1973 ya ce takardar shaida alama ce. Mai ɗaukar aiki bai san zuciyar mai nema ba, sai ya dubi takarda a matsayin shaidar cewa mai ita yana da ƙwazo da juriya. Duka bayanan biyu suna da gaskiya a cikinsu, amma sakamakonsu ya bambanta. Abin da aka iya ba ya raguwa don wasu ma sun iya, ita kuwa alama darajarta takan faɗi idan kowa ya mallake ta. Wani masani ɗan Ingila, Ronald Dore, ya kira wannan hali cutar takarda a 1976: aikin da jiya ake bai wa mai sakandare, yau sai mai difloma, gobe sai mai digiri, alhali aikin bai canja ba.

Tarihin Nijeriya ya nuna haka. A 1962 jami'o'i biyar ne a ƙasar: Ibadan, Nsukka, Ife, Legas da Ahmadu Bello ta Zariya. A shekarun 1970, lokacin arzikin man fetur, aiki ne ke jiran mai digiri. Daga 1986, da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, gwamnatoci suka rage ɗaukar ma'aikata, masana'antu da yawa suka durƙushe, makarantu kuwa suka ci gaba da yaɗuwa. Zuwa 2024 jami'o'i sun haura 250. A Jigawa kaɗai an buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, da jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamido, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura a 2021. Wannan ci gaba ne babba, domin ya kawo karatu kusa da gida, amma guraben aiki ba su ƙaru da irin wannan sauri ba.

Duk da haka, awon da aka yi ya nuna cewa karatu yana biya. George Psacharopoulos da Harry Patrinos, da suka tattara binciken ƙasashe masu yawa a 2018, sun sami cewa kowace shekara ɗaya ta ƙarin karatu tana ƙara samun mutum da kimanin kashi 9 cikin ɗari a matsakaicin duniya. A Nijeriya, Adebayo Aromolaran ya yi nazarin alƙaluman gidaje na 1996 zuwa 1999, ya ga shekara ɗaya ta firamare ko sakandare tana ƙara kashi 2 zuwa 4 ne kawai, amma shekara ɗaya ta gaba da sakandare tana ƙara kashi 10 zuwa 15. A aikin gwamnati ma abin a rubuce yake: mai takardar malanta ta NCE yakan fara a mataki na 7, mai digiri a mataki na 8, kuma hanyar ƙarin girma ta fi buɗe wa mai digiri.

Akwai hattara guda biyu wajen karanta irin waɗannan alƙaluma. Na ɗaya, suna auna waɗanda suka riga suka sami abin yi ne, ba su lissafa shekarun jira. Na biyu, waɗanda ke kai wa jami'a sau da yawa 'ya'yan masu hali ne ko masu hanya, waɗanda ko ba digiri za su iya samu fiye da wasu. Saboda haka ba dukkan bambancin ne za a jingina wa digiri ba.

Me ya sa masu digiri suka fi zaman jira?

A ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari, amma a tsakanin masu digiri na farko da babbar difloma ya kai kashi 40.1. A lokacin, duk wanda bai yi aikin sa'a 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. A 2023 hukumar ta koma ga ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ke ɗaukar mai aikin ko da sa'a ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Nan take adadin ya faɗo zuwa kashi 4.2 a zango na biyu na shekarar, amma na masu ilmin gaba da sakandare ya tsaya a kashi 8, kusan ninki biyu. Ya kamata ɗalibi ya lura da yadda canja ma'ana ke canja adadi, ba tare da ko mutum ɗaya ya sami sabon aiki ba.

To, yaya za a daidaita wannan da maganar cewa digiri yana biya? Amsar tana cikin wani adadi na wannan rahoto: kashi 12 cikin ɗari ne kawai na masu aiki a Nijeriya ke karɓar albashi, kashi 88 kansu suke yi wa aiki. Wanda bai yi karatu mai zurfi ba ba ya jiran kowa, yakan kama dako ko talla ko gona, don haka ba ya shiga lissafin marasa aiki ko da samunsa kaɗan ne. Mai digiri kuwa yakan shiga layin wannan kashi 12, kuma layin dogo ne. Shirye-shirye irin su N-Power na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2016 da alawus ɗin naira 30,000 a wata, da J-Teach na Jihar Jigawa, wanda ya ɗauki malamai na wucin gadi, an yi su ne don rage cunkoson wannan layi.

A nan ne ya kamata a lissafa kuɗin digiri na gaskiya. Bayan kuɗin rajista da abinci da ɗaki, akwai shekarun da ba a samu ba: huɗu na karatu, ɗaya ta bautar ƙasa, sannan yajin aiki, kamar na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022. Duk shekarar da aka ƙara a zaman jira tana rage ribar da aka ambata a sama.

Ilmi a cikin kasuwa

Kada a ɗauka cewa kasuwa ta fi tabbas. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa a Agusta 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. An sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe. A irin waɗannan watanni dillali da direba da ɗan dako su ne suka fi jin jiki, mai albashi kuwa nasa bai tsaya ba.

Har ila yau, kasuwar kanta tana bukatar masu ilmi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Riɗi da zoɓo da ƙaro da ake fitarwa daga wannan yanki suna fuskantar irin wannan awo a ƙasashen da ke saye. Wanda ya karanta aikin gona ko kimiyyar haɗa magunguna, ya san yadda ake busarwa da adanawa da gwaji, yana da abin da zai sayar wa fatake. Haka likitan dabbobi a garin da dubban dabbobi ke ratsawa, da akanta mai iya riƙe littafin ciniki tsakanin naira da saifa, da mai jin Faransanci, da mai iya kafa na'urar wutar hasken rana da famfon rijiyar burtsatse. Waɗannan ayyuka suna cikin da'irar rabin sa'a, kuma ba sai an jira takardar ɗaukar aiki ba.

Kammalawa

Kafin ɗalibi ya cika takardar neman shiga jami'a, yana da kyau ya zauna da malaminsa da iyayensa su amsa tambayoyi huɗu. Me zai iya yi da hannunsa ko ƙwaƙwalwarsa bayan ya gama wannan fanni, wanda bai iya ba a yau? Wa ke biyan kuɗi don wannan abu, gwamnati kaɗai ko har da 'yan kasuwa da manoma? A ina masu biyan suke, a cikin masarauta ko sai Dutse da Kano? Nawa zai rage bayan kuɗin hanya ko na haya? Idan amsoshin sun yi rauni, a duba wani fannin, ko kwalejin ilmi, ko ta fasaha, ko ta aikin jinya, domin daga kowannensu ana iya wucewa jami'a daga baya.

Ga malamai kuwa, lissafin lita da kilomita da aka kawo a sama darasi ne da za a iya yi a aji. A sa kowane ɗalibi ya tambayi wani ma'aikaci a unguwarsu nisan wurin aikinsa, da mintin da yake kashewa, da abin da yake biya a mako, a tattara a allo, a fitar da matsakaici, a gwada shi da sa'a ɗayar Marchetti. Ɗalibin da ya saba auna abu kafin ya yanke hukunci zai fi sanin abin da ya je nema a jami'a, kuma idan ya dawo ba zai bar sana'ar gidansu ta mutu yana jiran ofis ba.